YIS A ABINCIN KAJIN NAMA: AMFANINSA DA IYAKARSA

Gabatarwa

Wannan darasi an shirya shi ne domin masu kiwon kajin nama, watau irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira buroila, ko mai guda ɗari a bayan gida, ko mai dubu goma a gona. A 'yan shekarun nan, wanda ya shiga kantin magungunan dabbobi yakan tarar da wani gari da aka yi da yis, ana cewa a zuba shi a abincin kaji don ya ƙarfafa garkuwar jikinsu. Masu kiwo da yawa suna tambaya, shin gaskiya ne, ko kuwa dabarar ciniki ce kawai? Amsa a taƙaice ita ce, yis yana da amfani na gaskiya, amma mataimaki ne. Ba magani ba ne, ba kuma rigakafi ba ne. Wanda ya san iyakarsa zai ci moriyarsa. Wanda kuwa ya ɗora masa nauyin da ba nasa ba, zai yi hasarar kaji da kuɗi gaba ɗaya.

Za mu ɗauki misali daga Jos da kewayenta, domin tana cikin manyan wuraren kiwon kaji a Arewa, kuma a kudancinta, a Vom, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda asalinta ɗakin bincike ne da aka kafa a can tun 1924. Amma abin da za a faɗa ya shafi mai kiwo ko ina yake a Nijeriya.

1. Halin da kajin Jos ke ciki

Garin Jos yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Saboda haka zafi bai cika damun manyan kaji ba kamar yadda yake yi musu a Sakkwato ko Maiduguri, ga kuma masara tana zuwa daga Mangu da sauran ƙauyuka, ga masana'antun abincin kaji a wajen Bukuru. Wannan ne ya sa kiwo ya kafu a wurin.

Amma sanyin da ke taimakon babbar kaza shi ke wahalar da ɗan tsako. Kazar nama takan isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8. Don haka mai son cin kasuwar Kirsimeti da Sabuwar Shekara sai ya zuba 'yan tsaki a ƙarshen Oktoba ko a Nuwamba, daidai lokacin da hunturu ke kunno kai. Ɗan tsako kuwa a makonsa na farko yana bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 34 a ma'aunin santigired, alhali daren Jos a hunturu ba ya kusa da haka. Har wa yau wasu 'yan tsakin daga Ibadan ake ɗauko su, sai sun sha doguwar tafiya a mota kafin su sami ruwan farko. Da damina kuma, musamman a Yuli da Agusta, laima takan jiƙa shimfiɗar ɗaki, masara ta yi fumfuna a ajiya. Sanyi, da gajiya, da laima, da fumfuna, duka suna raunana jikin kaza. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, bari mu duba wannan bango.

2. Garkuwar jikin kaza

Garkuwar jiki ita ce rundunar da Allah ya halitta a jikin dabba don yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin kaza, ɓangare ɗaya na wannan runduna yana samun horo a wata 'yar jaka da ke kusa da dubura, wadda likitoci ke kira jakar Fabrishiyas. Wani masani a Amurka mai suna Bruce Glick, shi da abokan aikinsa, suka bayyana aikinta a 1956. Sun gano cewa in aka cire ta tun kaza tana ƙarama, jikinta ba ya iya ƙera makaman da ke kashe cuta yadda ya kamata. Wannan jaka ita cutar Gumboro ke lalatawa, yawanci tsakanin mako 3 zuwa 6. Shi ya sa kajin da suka tsira daga Gumboro sukan zama abin tausayi, kowace cuta ta zo sai ta kama su, rigakafin da aka yi musu kuma ba ya kamawa sosai.

Wani babban ɓangare na rundunar a jikin hanji yake zaune. Dalili kuwa a fili yake, ta baki yawancin ƙwayoyin cuta ke shiga, tare da abinci da ruwa da abin da kaza ta tsattsaga a ƙasa. Bangon hanji yana da wasu 'yan tsiro ƙanana kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. A cikin hanjin kuma akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, masu ɗimbin yawa, waɗanda ke cika wuri su hana miyagu samun mazauni.

Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da 'yar garkuwar da ya gada daga uwarsa ta cikin gwaiduwa, amma takan ƙare cikin mako 2 zuwa 3. Ɗan tsakon gida yana bin uwarsa yana kiwo, yana ɗaukar ƙwayoyi masu amfani daga gare ta. Na injin ƙyanƙyasa kuwa bai taɓa ganin uwa ba, hanjinsa kamar sabuwar gona yake, duk irin da ya riga faɗawa shi ke tsirowa. Masana biyu a ƙasar Finlan, Nurmi da Rantala, sun nuna a 1973 cewa in aka ba 'yan tsaki ƙwayoyin hanjin babbar kaza mai lafiya, ƙwayar Salmonela ba ta samun wurin zama a cikinsu da sauƙi. Daga nan aka ƙara gane cewa wanda ya gyara hanjin kaza ya yi rabin aikin tsare lafiyarta. Nan ne maganar yis ta shigo.

3. Mene ne yis?

Yis abu ne mai rai, ɗan uwan fumfuna, ƙanƙane ƙwarai, sai an jera kimanin 200 kafin su kai tsawon milimita 1. Shi ne wanda masu gasa burodi da masu fanke ke zubawa a ƙullu ya kumbura. Sunansa na kimiyya, wanda za ka gani a rubuce a jikin leda, shi ne Saccharomyces cerevisiae. Wanda ake sayarwa don abincin dabbobi busasshen gari ne, ba abin sa maye ba ne, asalinsa ɗaya da na burodi.

Iri uku aka fi samu. Na ɗaya, yis mai rai, wanda aka busar amma bai mutu ba. Na biyu, mataccen yis da aka busar aka niƙa. Wannan abinci ne mai kyau, domin kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyinsa furotin ne, watau abin gina jiki, kuma yana da bitamin na rukunin B da yawa. Na uku, ɓawon yis, watau fatar da ke lulluɓe da ƙwayar, wadda ake rabawa daban a masana'anta. A cikin wannan ɓawo akwai sinadarai biyu da su ne tushen maganar garkuwa. Ɗaya sunansa manan, a leda akan rubuta shi da haruffa MOS. Ɗayan kuma sunansa beta-gulukan.

4. Yadda yake aiki a cikin kaza

Na farko, yana yaudarar ƙwayar cuta. Yawancin ƙwayoyin Salmonela da Ikolai suna da wasu 'yan ƙugiyoyi da suke maƙalewa da su a bangon hanji, kuma abin da ƙugiyar ke nema wani irin sukari ne da ke jikin bangon. Manan na ɓawon yis yana da irin wannan sukari. Sai ƙwayar ta maƙale masa a maimakon hanji, su fita tare cikin kashi. Ba kashe ta ya yi ba, hana ta masauki ya yi.

Na biyu, yana farkar da masu gadi. Jikin kaza yana gane beta-gulukan a matsayin alamar baƙo. In 'yan rundunar da ke hanji suka ci karo da shi, sai su zauna cikin shiri, su fi saurin cafke ƙwayar cuta sa'ad da ta zo. A gwaje-gwaje da dama an ga kajin da aka ba ɓawon yis sun fi ƙera makamai bayan an yi musu rigakafin cutar Niyukasul. A lura da kyau, bayan an yi rigakafin aka ce.

Na uku, yana gyara bangon hanji. An sha ganin 'yan tsiron nan masu tsotse abinci sun ƙara tsawo a kajin da ake ba yis, ƙwayoyi masu amfani kuma sun ƙaru. Hanjin da ke tsotsa da kyau shi ke mai da buhun abinci ya zama nama.

Na huɗu, yana riƙe wani kaso na dafin fumfuna. Fumfunar masara da ta gyaɗa tana fitar da dafin da ake kira afulatoksin. An gano shi ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka kai daga Barazil. Wannan dafi yana ɓata hanta, yana karya garkuwa. Ɓawon yis yana iya kama wani kaso nasa a hanji kafin ya shiga jini.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya. Sakamakon bincike bai zo daidai wa daida ba. A wasu gwaje-gwaje an sami ƙarin nauyi da raguwar mace-mace, a wasu kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Amfanin ya fi fitowa inda kaji ke cikin matsi, kamar makonnin farko, ko lokacin canjin abinci, ko canjin yanayi. Kuma kayan kamfanoni sun bambanta da juna wajen inganci.

5. Dalilin da ya sa hukuma ta damu da wannan magana

A ƙarshen shekarun 1940 aka gano a Amurka cewa in ana zuba ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik, a abincin kaji kullum, suna saurin girma. Al'adar ta bazu a duniya. Daga baya illarta ta bayyana: ƙwayar cutar da ke haɗuwa da ɗan magani kullum takan saba da shi, har ya daina yi mata komai. Irin wannan ƙwaya tana iya isa ga mutum ta nama, ko ta ruwa, ko ta kashin kaji da manoman lambu ke saye suna zubawa a kabeji da latas da tumatir. Ranar da yaro ya kwanta a asibiti, sai a ba shi magani ya ƙi aiki.

Saboda haka wani kwamiti a Ingila ya yi gargaɗi tun 1969. Ƙasar Suwidin ta hana zuba antibayotik don ƙiba a 1986, Tarayyar Turai kuma ta hana gaba ɗaya daga 1 ga Janairu, 2006. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su daina ba dabbobi masu lafiya waɗannan magunguna a kai a kai, kuma a wannan shekara Nijeriya ta fitar da shirinta na ƙasa don yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Neman abin da zai rage dogaro da antibayotik shi ya ɗaukaka darajar yis. Duk mai kiwon da ya tsare lafiyar kajinsa ba tare da ya cika musu ruwa da magani kullum ba, ya taimaki aljihunsa, ya kuma taimaki al'umma.

6. Abin da yis ba zai yi maka ba

Ba zai tsaya a madadin rigakafi ba. Cutar Niyukasul, wadda aka fara ganinta a Nijeriya a wajen Ibadan a 1952, da cutar Gumboro, wadda aka ba da rahotonta a ƙasar nan a farkon shekarun 1970, ƙwayoyin bairas ne ke kawo su. Babu garin da zai hana su. Cibiyar Vom tana yin rigakafin su duka biyu, har da na Niyukasul mai jure zafi da ake kira I-2, wanda ya dace da kajin ƙauye. Rigakafi shi ke nuna wa runduna fuskar abokin gaba. Yis kuwa ciyar da rundunar kawai yake yi.

Ba zai hana murar tsuntsaye ba. An fara tabbatar da ita a Nijeriya a Fabrairun 2006 a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, ta kuma sake ɓarkewa a 2015 da 2021, Jihar Filato tana cikin waɗanda suka yi hasara. Maganinta tsare ƙofar gona. In ka ga kaji suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, kada ka sayar, kada ka yanka, ka sanar da likitan dabbobi na hukuma nan take.

Ba zai warkar da kazar da ta riga ta kamu ba. Mai kashin jini, ko mai tari, ko mai farin zawo, likita za a kira. In ya rubuta magani, a ba da shi cikakke, sa'an nan a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika kafin a sayar ko a yanka.

Ba zai mai da ruɓaɓɓiyar masara ta zama mai kyau ba. Wadda ta yi fumfuna a zubar da ita. Manomi kuma ya busar da hatsi sosai, ya tambayi malamin gona labarin Aflasafe, wanda Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don rage wannan dafi tun daga gona.

Ba zai ɗumama ɗaki ba. Ɗan tsakon da ya kwana cikin sanyi, ko wanda aka rufe da leda ruf da tukunyar gawayi babu mashigar iska, ko wanda ke kwance a jiƙaƙƙiyar dusar katako mai warin da ke sa hawaye, babu abin da yis zai yi masa.

7. Yadda za a yi amfani da shi

(a) Ka fara tambayar mai sayar maka da abinci ko an riga an zuba kayan yis a buhun tun daga masana'anta. In an zuba, ƙari ɓarnar kuɗi ce.

(b) Ka sayi mai lambar rajistar NAFDAC, mai ranar lalacewa a rubuce, wanda ya faɗi ko yis mai rai ne, ko matacce, ko ɓawo. Kada ka sayi wanda aka ƙulla a leda babu suna. Araha ba ta ado.

(c) Ka bi awon da aka rubuta. Yawancin kayan ɓawon yis tsakanin rabin kilo ne zuwa kilo 2 a tan guda na abinci. Misali, in an ce kilo 1 a tan, to giram 25 ke nan a buhu mai kilo 25. Ƙara awo ba ya ƙara amfani.

(d) Ka cakuɗa mataki-mataki. Zuba giram 25 ɗin a mudu guda na abinci ka juya sosai, ka haɗa wannan da mudu biyar, sa'an nan ka haɗa da sauran buhun. In ba haka ba, wata kaza ta cinye, wata ba ta samu ba.

(e) Ka fara tun makon farko, domin a lokacin ne hanji ke kafuwa.

(f) Ka ajiye shi a busasshen wuri mai inuwa, bisa katako, bakin leda a ɗaure. Zafi da laima suna kashe yis mai rai.

(g) Kada ka ɗauka kowane abu mai tsami ko mai kumfa yis ne mai amfani. Jiƙaƙƙiyar dusar da ake samu daga masu dafa burukutu, wadda wasu ke ba dabbobi a ƙauyukan Filato, ba ita ake nufi ba, kuma tana saurin yin fumfuna in ba a busar da ita ba. Har ma akwai wani yis mugu mai suna Kandida, mai sa maƙoƙon kaza ya yi tsami, wanda ya fi kama kajin da aka daɗe ana ɗirka wa antibayotik.

8. Ka gwada da kanka

Gani ya kori ji. Kafin ka zuba wa dukan gonarka, ka raba 'yan tsaki na zubi ɗaya gida biyu daidai, misali 100 da 100. Ɗumi, da ruwa, da abinci, da rigakafi, duka su zama iri ɗaya, sai dai kashi ɗaya ana sa masa yis, ɗayan ba a sa masa. Ka sami littafi ka riƙa rubuta abu huɗu: abincin da kowane kashi ya ci, da adadin waɗanda suka mutu, da kuɗin magani, da nauyin kaji 20 daga kowane ɓangare duk mako.

Ranar sayarwa ka raba nauyin abincin da aka ci da nauyin kajin. Misali, in kashi ɗaya ya ci kilo 400 ya ba ka kaji masu nauyin kilo 200, watau kilo 2 na abinci ne ya ba da kilo 1 na kaza. In ɗaya kashin ya ci kilo 400 ya ba da kilo 210, ka sami ƙarin kilo 10. Sai ka kwatanta kuɗin kilo 10 ɗin da kuɗin yis da ka saya. Zubi ɗaya bai isa hukunci ba, ka maimaita sau biyu ko uku, da rani da damina. In riba ta tabbata ka ci gaba, in ba ta fito ba ka mai da kuɗinka wajen gawayi da sabuwar shimfiɗa. Ka kuma nuna littafin ga likitan dabbobi ko malamin gona na yankinku, domin maƙwabta su amfana.

Tambayoyi don bita

1. Me ya sa hanjin ɗan tsakon inji ya fi na ɗan tsakon gida saurin kamuwa da cuta?

2. Faɗi iri uku na kayan yis da ake zubawa a abincin kaji.

3. Ta yaya manan ke hana ƙwayar Salmonela zama a hanji?

4. In an rubuta kilo 2 a tan, giram nawa za ka zuba a buhu mai kilo 25?

5. Maƙwabcinka ya ce tun da yana ba kajinsa yis, ba sai ya yi rigakafin Gumboro ba. Wace amsa za ka ba shi?

Wanda ya karanta wannan darasi, muna roƙonsa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya sa wa kiwonmu albarka, amin.